YADDA A KE ZAƁEN GWARZON 'YAN ƘWALLO A JAMI'O'IN AMURKA

Duk malamin da ya taɓa zama a taron fid da yaron da za a ba kyautar ƙarshen shekara ya san irin wuyar da ke cikin wannan aiki. Malamai biyar su kan zauna tun da hantsi, kowa da yaron da ya ke gani ya fi, a yi ta jayayya har azahar ba a daidaita ba. To, idan malamai biyar masu koyarwa a makaranta guda, waɗanda ke ganin yaran nan kullum safiya, suka kasa haɗa baki, ina ga mutum fiye da 900 da ke warwatse cikin ƙasa mai faɗi kamar Amurka, a ce su fid da saurayi ɗaya daga cikin dubbai? Wannan kuwa shi ne aikin da a ke yi kowace shekara cikin watan Disamba, sa'ad da a ke zaɓen wanda za a ba Kyautar Heisman, wadda ita ce mafi daraja cikin kyaututtukan da a ke ba ɗan wasan ƙwallo na jami'a a can. Mun ga ya dace mu bayyana wa masu karatu yadda a ke wannan zaɓe, domin akwai abin lura cikinsa ga duk wanda aikinsa ya shafi auna ƙoƙarin mutane.

Irin Wasan

Da fari sai mai karatu ya sani wannan wasa dabam ya ke da ƙwallon ƙafa wanda muka saba da shi. Ƙwallon nasu mai siffar ƙwai ne, yawanci kuwa da hannu a ke ɗaukarsa a gudu da shi, ko a jefa wa abokin wasa. Kowane ɓangare mutum 11 ne a fili, filin kuma yadi 100 ne tsakanin gida da gida. Ɓangaren da ke riƙe da ƙwallo ana ba shi dama 4 ya ci gaba yadi 10. In ya ci, a sake ba shi wasu 4. In ya kasa, ƙwallo ya koma hannun abokan karawa. Wanda ya shigar da ƙwallo gidan abokan karawa ya samo wa ɓangarensa maki 6.

Kowane ɗan wasa da aikinsa. Akwai wanda za mu kira madugu, shi ne ke karɓar ƙwallo a farkon kowane yunƙuri, ya ba da umurni, ya jefa ko ya miƙa wa wani. Akwai 'yan tsere, masu rungumar ƙwallo su kutsa da shi, da masu cafewa, waɗanda ke sheƙawa gaba su tare jifan madugu. Akwai kuma ƙattin sahun gaba, su biyar, aikinsu su tokare abokan karawa da ƙirji don madugu ya sami sararin jifa. Sa'an nan ga masu tsaron gida, waɗanda ke shigowa fili idan ƙwallo yana hannun abokan karawa. Mai karatu ya riƙe waɗannan sunaye, za mu komo kansu.

Jami'o'i fiye da 130 ke cikin babban rukunin wannan wasa, kowace ta kan yi wasa kimanin 12 daga ƙarshen Agusta zuwa farkon Disamba, galibi ran Asabar. Filin Jami'ar Michigan kaɗai yana ɗaukar 'yan kallo fiye da 100,000.

Asalin Kyautar

Wani kulob na masu wasanni a birnin New York, mai suna Downtown Athletic Club, shi ya fara ba da wannan kyauta cikin 1935. A shekarar farko 'yan wasan da ke gabas da kogin Misisipi kaɗai aka duba, wanda ya samu kuwa shi ne Jay Berwanger na Jami'ar Shikago. Cikin Oktoba 1936 shugaban wasanni na kulob ɗin, John W. Heisman, tsohon mai koyar da wasan, ya rasu, sai aka sa wa kyautar sunansa, aka kuma buɗe ta ga ƙasar duka. Ita kyautar siffar ɗan wasa ce ta tagulla, ya rungume ƙwallo da hannu ɗaya, ya miƙe ɗayan yana ture abokin karawa; wani mai sassaƙa, Frank Eliscu, shi ya tsara ta.

A farko ba a ɗauke ta da wani nauyi ba. Berwanger kansa ya bar tasa a gidan wata 'yar'uwar iyayensa, wadda ta riƙa tokare ƙofa da ita. Amma da rediyo da talabijin suka yaɗu sai darajarta ta yi ta hauhawa, har ya zama wanda ya samu, sunansa ba ya rabuwa da ita har mutuwa, jami'arsa kuma ta sami suna da ɗalibai da gudummawar kuɗi. Shi kulob ɗin yana kusa da dogayen benayen da aka kai wa hari ran 11 ga Satumba, 2001. Bai farfaɗo ba bayan wannan, ya karye cikin 2002, sai wata ƙungiya ta amintattu ta ɗauki nauyin kyautar.

Masu Ƙuri'a

Masu ƙuri'a iri uku ne. Iri na fari, wanda ya fi yawa, su ne 'yan jarida da ma'aikatan rediyo da talabijin masu bin labarin wasan, su 870. An raba ƙasar shiyya 6, kowace shiyya tana da ƙuri'a 145 daidai wa daida, don kada wani yanki ya danne wani. Kowace shiyya tana da wakili, a ƙarƙashinsa akwai wakilan jihohi, su ne ke fid da 'yan jaridar da za a ba takardar ƙuri'a a jihohinsu, jiha mai jama'a da gidajen jarida da yawa kuwa ita ke samun kaso mafi girma. Iri na biyu su ne duk waɗanda suka taɓa cin kyautar suna nan da rai, su wajen 60, kowa da ƙuri'arsa muddin ransa. Iri na uku ƙuri'a guda ce tak, ta jama'ar gari, wadda aka fara cikin 1999: mutane su yi zaɓe, a tara duka a lissafa ta tamkar ta mutum ɗaya.

Tun daga 2007 ta intanet a ke jefa ƙuri'a. Amintattun ba su ne ke ƙidaya ba, kamfanin masu binciken lissafi mai suna Deloitte shi ke wannan aiki. Cikin 2013 aka ɗora wa masu ƙuri'a sharaɗin kada su faɗi wanda suka zaɓa sai bayan sanarwa, domin kafin wannan a kan bi su ɗaya-ɗaya ana tattara abin da suka faɗa, a gane wanda ya ci tun ba a buɗe takarda ba. Tun daga 2021 mutum 4 da suka fi maki su a ke gayyata New York, a zaunar da su gaban jama'a, a kira sunan guda. Bayan haka a kan buga lissafin, da yadda kowace shiyya ta yi zaɓenta.

Yadda A Ke Lissafi

Nan ne akawu zai so ya ɗauko alƙalami. Kowane mai ƙuri'a suna uku ya ke rubutawa bi da bi. Na fari yana samun maki 3, na biyu maki 2, na uku maki 1, wanda jimlarsa ta fi shi ya ci. Wannan dabara tsohuwa ce, wani Bafaranshe masanin lissafi, Jean-Charles de Borda, ya kawo irinta cikin 1770. Amfaninta shi ne ta kan fid da wanda jama'a da yawa suka yarda da shi, ko da ba shi ne kowa ya fi so ba.

Ga misali daga zaɓen 2008, inda aka ƙidaya takardu 904. Tim Tebow na Florida ya sami na fari 309, na biyu 207, na uku 234, jimla maki 1,575. Colt McCoy na Teksas ya sami 266 da 288 da 230, jimla 1,604. Sam Bradford na Oklahoma ya sami 300 da 315 da 196, jimla 1,726. Mai karatu ya duba da kyau: Tebow shi ya fi kowa yawan waɗanda suka sa shi na fari, amma na uku ya zo, Bradford ya ɗauki kyauta. Dalili kuwa shi ne sunan Tebow bai fito ko kaɗan ba cikin takardu 154, alhali Bradford, wanda bai sa shi na fari ba galibi ya sa shi na biyu. Da a ce suna ɗaya kaɗai a ke rubutawa, da Tebow ya ci, ya zama mutum na biyu da ya ci sau biyu, gama shi ya ci ta 2007, har ma yana da tasa ƙuri'ar a wannan zaɓe. Har yanzu Archie Griffin na Ohio State ne kaɗai ya ci sau biyu, cikin 1974 da 1975.

Nan kuma aibin dabarar ya ke. Mai ƙuri'ar da ke son ɗan yankinsa ya ci yana iya sa shi na fari, kāna ya ƙi rubuta sunan babban abokin takararsa ko a na uku, ya cike gurbin da waɗanda ya san ba za su ci ba. Ba mai iya tuhumarsa, domin ba a tambayarsa dalili. Haka kuma idan jami'a ɗaya tana da gwanaye biyu, su kan raba ƙuri'a. Cikin 1956 Tommy McDonald na Oklahoma ya fi kowa ƙuri'un na fari, amma abokin wasansa Jerry Tubbs ya ɗebi nasa kason, suka zo na uku da na huɗu, Paul Hornung na Notre Dame ya ci, ga shi kuwa jami'arsa wasa 2 kaɗai ta ci a shekarar, aka cinye ta 8. Shi kaɗai ne ya taɓa samun kyautar daga jami'ar da faɗuwarta ta fi cinta yawa.

Wani lokaci tazarar kamar gashi ta ke. Cikin 2009 Mark Ingram na Alabama ya sami 1,304, Toby Gerhart na Stanford 1,276, watau bambancin maki 28, ba a taɓa yin zaɓe mai kusa kamarsa ba. Da mutum 15 cikin waɗanda suka sa Ingram na fari, Gerhart na biyu, sun juya sunayen nan biyu, da kyauta ta tafi Kalifoniya. Wani lokaci kuma ba a ko jayayya, kamar cikin 2019, inda mutum 841 suka sa Joe Burrow na Louisiana State na fari.

Abin Da Ke Jan Hankalin Masu Zaɓe

Abin da a ke nema daga mai ƙuri'a shi ne ya faɗi ɗan wasan da ya fi fice a jami'o'in ƙasar, ya kasance ɗalibi na haƙiƙa, mai bin dokokin hukumar wasannin jami'o'i. Ba a bayyana masa ma'anar fice ba. Ko wanda ya fi gwaninta ne, ko wanda ya fi amfanar jami'arsa, ko wanda ya fi yawan lambobi a takardar lissafi, an bar wa kowa da zuciyarsa. Saboda haka in muna son sanin ma'aunin da su ke bi, sai mu dubi waɗanda suka zaɓa cikin shekaru.

Abu na fari shi ne wurin da mutum ya ke wasa a fili. Daga 2000 zuwa 2024 an ba da kyautar sau 25, madugai suka ɗauki 20. Ƙattin tsakiyar sahun gaba kuwa ba wanda ya taɓa samu tun 1935, ko da ya ke ba madugun da zai iya jifa in ba su tokare masa ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Dalilin a fili ya ke: jifa da gudu ana auna su da yadi, a buga a jarida, amma tokarewa ba ta da lamba, idon mai kallo kuma ƙwallo ya ke bi. Tun 1946 aka kafa musu tasu kyautar dabam, mai suna Outland. Masu tsaron gida ma haka. Charles Woodson na Michigan ya samu cikin 1997, Travis Hunter na Colorado cikin 2024, amma dukansu biyu su kan taɓa cafe ƙwallo a ɓangaren kai hari, Hunter ma kusan rabin aikinsa ke nan. Ndamukong Suh na Nebraska, wanda mahaifinsa mutumin Kamaru ne, ya gagari kowa wajen tsaro cikin 2009, amma na huɗu ya zo.

Abu na biyu shi ne sunan jami'a da yawan cin wasanta. Jami'ar Kudancin Kalifoniya ta samu sau 8, Notre Dame da Ohio State da Oklahoma kowace sau 7. Watau jami'o'i 4 sun kwashe 29, wajen sulusin duk kyaututtukan da aka taɓa bayarwa. Ba shakka gwanaye su kan taru a irin waɗannan wurare, amma kuma su ne a ke nunawa a talabijin kowace Asabar. Ba ɗan jaridar da zai iya kallon wasa fiye da 50 a yini guda, balle wanda aka aika filin jami'ar garinsu ya rubuto labari. Wanda ya gani shi zai zaɓa.

Har agogo yana da hannu ciki. Tsakanin New York da Kalifoniya awa 3 ne, saboda haka wasan da aka fara ƙarfe 7.30 na dare a yamma, ƙarfe 10.30 ne a gabas, masu ƙuri'a da yawa sun kwanta. Mutanen yamma su kan kafa hujja da Stanford, wadda 'yan wasanta suka zo na biyu cikin 2009, 2010, 2011, 2015 da 2017, ba wanda ya ci.

Shekarun ɗalibi ma sun daɗe suna hana shi. Sai cikin 2007 ɗan aji biyu ya fara samu, watau Tebow, sai kuma cikin 2012 Johnny Manziel ya samu a shekararsa ta farko ta wasa. Ba dokar kyautar ce ta hana su a da ba, galibi al'ada ce ta cewa yaro ya jira lokacinsa.

Wanda ya fi waɗannan duka nauyi shi ne zancen launin fata. A zaɓen nan na 1956 Jim Brown na Syracuse, baƙar fata, na biyar ya zo, mutane da yawa kuwa tun daga lokacin suna ganin launinsa ne ya jawo haka, musamman da ya zama ɗaya daga cikin manyan gwanayen wasan bayan ya bar jami'a. Sai cikin 1961, bayan shekara 26 da kafa kyautar, baƙar fata ya fara samu, shi ne Ernie Davis, ɗan jami'ar nan ta Syracuse, mai sa riga lamba 44 kamar Brown. Ciwon sankarar jini ya kashe shi cikin 1963, yana da shekara 23.

Neman Ƙuri'a

Tun da ya ke gani shi ke jawo ƙuri'a, jami'o'i ba su zauna sun naɗe hannu ba. Cikin 1970 Notre Dame tana da madugu mai suna Joe Theismann, wanda a gidansu a ke kiran sunan kamar Tisman, sai aka juya kiran ya koma Taisman don ya yi amo ɗaya da Haisman. Duk da haka na biyu ya zo, bayan Jim Plunkett, sunan kuwa ya bi shi har yau. Cikin 2001 magoya bayan Jami'ar Oregon suka kashe dala 250,000 wajen kafa hoton madugunsu Joey Harrington, mai tsawon bene 10, a tsakiyar New York. Na huɗu ya zo. Amma abin da aka gani a fili ya fi talla ƙarfi. Cikin 1991 Desmond Howard na Michigan ya ɗauki ƙwallo ya sheƙa yadi 93 har gidan Ohio State, ya tsaya ya kwaikwayi tsayuwar siffar tagullar nan gaban 'yan kallo. Aka yi ta nuna hoton ko'ina, ya kuwa ci da tazara mai yawa.

Lokacin Zaɓe

Ana rufe ƙuri'a farkon Disamba, kafin manyan wasannin ƙarshe da a ke yi daga tsakiyar Disamba zuwa Janairu, waɗansu ma su kan aika tasu tun kafin ranar rufewa. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Cikin Disamba 2005 aka ba Reggie Bush na Kudancin Kalifoniya kyautar, Vince Young na Teksas ya zo na biyu. Ran 4 ga Janairu, 2006, jami'o'in nan biyu suka kara a wasan fid da zakaran ƙasa, Young ya shiga gida da ƙwallo saura 'yan daƙiƙoƙi a tashi, Teksas ta ci 41 da 38. Amma ƙuri'a ta riga ta wuce.

Labarin wannan kyauta ta 2005 bai ƙare nan ba. Cikin 2010 hukumar wasannin jami'o'i ta yanke cewa Bush da iyalinsa sun karɓi kuɗi da waɗansu amfanoni daga masu neman zama dillalansa, abin da doka ta hana ɗalibi a lokacin. Bush ya mai da kyautar, amintattu kuma suka bar shekarar ba kowa, ba su ba Young ba. Cikin 2021 aka sake dokar, aka yarda ɗalibi ya sami kuɗi da sunansa da hotonsa, cikin Afrilu 2024 kuwa aka mai da wa Bush kyautarsa. Watau abin da aka kira laifi cikin 2010 ya zama abin da a ke yi a sarari bayan shekara 11, shi kuwa mutumin ya yi shekara kusan 14 ba ya cikin jerin waɗanda suka ci.

Abin Lura

Ba mu kawo waɗannan aibobi don mu rena tsarin ba. Akwai abubuwa cikinsa da duk wani kwamiti zai amfana da su: an raba ƙuri'a daidai tsakanin yankuna, an nemi suna uku maimakon ɗaya, an ba wani na waje ƙidaya, an kuma buga lissafin kowa ya gani, shi ya sa ma muka iya bin diddiginsa a nan. Amma duk wannan bai hana mai ƙuri'a zaɓen wanda ya fi gani, ko ɗan yankinsa, ko wanda aikinsa ke da lamba ba.

Mu da mu ke rubuta rahoton ɗalibai da na ƙananan ma'aikata, mu ma muna da madugai da ƙattin sahun gaba. Yaron da ke ɗaga hannu kullum a gaban aji muna ganinsa, amma wanda ke zaunawa da dare yana koya wa 'yan'uwansa lissafi da wuya sunansa ya zo bakinmu. Idan za mu zauna fid da gwani, ya kamata mu rubuta ma'auninmu tun kafin mu ambaci sunan kowa, mu tabbata kowane ɗan kwamiti ya ga aikin duk masu takara, kada kuma mu yanke hukunci sai aikin shekara ya ƙare. Allah ya ba mu ikon yin adalci ga waɗanda ke ƙarƙashinmu, amin.